Sukutar da Na Saya a Ɓoye

Shekara ashirin da ƴan kai na yi ina tuƙa mota, ko akuya ban taɓa gogewa ba. Na faɗi wannan tun da fari ne don kada wani ya ɗauka ɗan gaggawa ne ke magana. Motar tsohuwa ce, ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje, amma na san ta, ta san ni. Da takardar canjin wurin aiki ta iso, aka ce an tura ni Gure in riƙa duba makarantun firamare, sai na bar ta a Maraɗi. Matata tana da ciwon ƙafa da ke kai ta gidan likita duk wata, babban ɗanmu ya iya tuƙi, ƙananan kuma suna lakwal, wato makarantar boko, ba a cire yaro a tsakiyar shekara. Ni kaɗai zan tafi, da akwati ɗaya da tabarma da butar shayi.

Ana gobe zan tashi, tana zaune bakin gado tana ninke mini riguna, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Malam, abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka hau babur a can. Ko na haya, ko na aro, ko naka na kanka."

Na san inda maganar ta fito. Ƙanenta, autan gidansu, ita ta goya shi, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya sayi babur, ko mako biyu bai yi da shi ba ya yi karo da amalanke a bakin kasuwa. Ita aka fara kira. Tun daga ranar ko ƙarar babur ta ji a ƙofar gida sai ta daina abin da take yi har ya wuce.

Na ce, "Haba, ni da girmana me zai kai ni kan babur?"

Ta ce, "Ba haka na tambaye ka ba. Ka ce ka yi alkawari."

Na ce na yi. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, amma da arha na faɗa, domin a lokacin ban ga abin da zai ci mini ba.

Wanda bai taka Gure ba bai san rairayi ba. In ka sauka daga kwalta, shi ke nan, ƙafarka ta shiga aiki. Taku uku kake yi ka samu biyu. Ɗakin da na kama yana can gefen gari, biro kuma, wato ofishinmu, yana wancan ɓangaren, makarantun cikin gari a warwatse. Motar biro ɗaya ce, ita ma sai in za a fita wajen Kelle ko Bune, kuma sai in akwai mai. Sauran yawo duk da ƙafa. Ina isa lakwal takalmina cike da yashi, riga ta jiƙe sharkaf, gwiwoyi suna ƙara, sannan in shiga aji in zauna a baya wai ni mai duba aikin wasu. Malamai samari su iso kan baburansu fes, su kira ni da kiran girmamawa irin na Faransanci, su ce, "Mushe, sannu da tafiya." Sannun nan tana ƙona mini rai, ko da yake na san ba da wata manufa suke faɗa ba.

Amma ba rairayin ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Kaɗaici ne. A unguwarmu a Maraɗi, daga ƙofar gidana zuwa masallaci sai in yi rabin awa, wannan ya tare ni, wancan ya ja ni da maganar ƙwallo, wata tsohuwa ta tambayi ƙafar matata. A Gure minti biyar na isa, minti biyar na dawo. Mutanen ba mugaye ba ne, ko kaɗan. In ka yi sallama za a amsa maka da kyau. Sai dai sun ga irinmu da yawa, ma'aikaci ya zo ya yi shekara biyu ya ɗaure kayansa, baƙo raɓa ne. Wa zai ɓata lokacinsa ya san ɗan waye kai? Su gaisa da juna da Barbarci, gaisuwa doguwa mai daɗin ji, ina tsaye a gefe ina murmushin da ba wanda ya nema. Da la'asar in hura gawayi in ɗora shayi. Shayi kuwa ba abin mutum ɗaya ba ne. In sha na fari, in sha na biyu, na uku sau da yawa sai in zubar a gindin katanga.

A wata na huɗu wata malamar lakwal da aka mayar Damagaram ta sa sukutarta a kasuwa. Ƙaramar aba ce, ja, ba giya, tayoyinta ba su fi faifai girma ba, ga wurin ajiye ƙafafu a gaba kamar kana zaune kan kujera. Na gan ta a harabar biro, na zagaya ta sau biyu. Ba zan yi wa kaina ƙarya a takarda ba. Na san alkawari nake shirin karyawa, kuma na san wa na yi wa shi. Abin da na ce wa zuciyata kawai shi ne: daga ɗaki zuwa biro, a hankali, wa zai sani? Washegari na saya.

Na tura ta wurin wani bakanike da ke da rumfa ƙarƙashin dogon yaro kusa da tasha, dattijo ne sa'ana, gemunsa ya fara fari. Ya duba ta, ya ce lafiyarta lau. Sannan ya dube ni.

"Mushe, ka taɓa hawa?"

Na ce, "Shekara ashirin ina tuƙa mota." Har na dafa aljihun da permi, takardar izinin tuƙi, yake ciki.

Sai ya yi dariya, ya goge hannu da tsumma. "To ai shi ne abin tsoron. Da ba ka iya komai ba da ya fi mini sauƙi."

Raina ya ɓaci, amma na tsaya. Ya ce mota ƙafa huɗu gare ta, ko ka sake ta tana tsaye, wannan kuwa in ka manta da ita na ƙiftawar ido ta kwanta, kai ma ka kwanta. Ya ce mota in ta shiga rairayi mai laushi kafewa take yi, ka fito ka yi tsaki ka nemi masu turi. Wannan ba ta kafewa, watsar da kai take yi. Ya ƙwanƙwasa robar gabanta da yatsa.

"A mota ƙarfe ne ya kewaye ka, in an bugu shi ke lotsewa. A nan fa? Kai ne ƙarfen. Kuma ku masu mota, in kun tsorata ƙafarku ke neman birki. Duba nan ƙasa, akwai wani abu? Babu. Birki yana hannu. Na hagu na baya ne, shi za ka riƙa ja a hankali. Na dama na gaba ne, in kana cikin rairayi ka ɗauka babu shi a duniya."

Na ce na ji. Ya ɗauko wata hular kwano da ke rataye a rumfar, ya ce in saya. Na dube ta, na dubi hular da ke kaina. Ni, da furfurata, da babbar riga, in kifa kwano a kai ina yawo cikin gari a wannan zafi? Yaran lakwal su samu abin dariya na shekara? Na ce a'a, ba gudu zan yi ba.

Ya ce, "Ƙasa ba ta tambayar gudun da kake yi." Sai ya ƙara, yana kallona ido cikin ido, "Abu na ƙarshe. Hannu biyu, kullum. Ko uban waye ya gaishe ka, ka gyaɗa masa kai ka wuce."

Na tafi ina gunaguni a zuci. Wai ni za a koya wa hanya.

Mako uku na yi ina koyo, bayan sallar asuba, a wani fili mai tauri bayan unguwa inda ba kowa sai awaki. Abin da ke yaudarar mutum da sukuta shi ne sauƙinta. Ba giya, ba kuloci, ka murɗa hannu ta tafi. A rana ta biyu ka ɗauka ka iya. Kuma kai, akwai daɗi! Iska tana shiga hannun riga, tafiyar da ke cin mini minti arba'in ta koma bakwai. Na fara isa lakwal da takalmi mai tsabta. Rabona da jin daɗi irin wannan tun barina gida, sai dai ba ni da wanda zan ba labari. Mutum ɗaya ce a duniya da nake kai wa irin wannan labari, ita ce kuma wadda bai kamata ta ji ba. In wayarta ta shigo ina kan hanya, sai in tsaya in kashe injin, in yi nisa da abar ƴan taku, kamar za ta hango ta cikin wayar. Ta ce, "Yaya fama da rairayi?" In ce, "Muna nan muna taka shi."

Tsakanin ɗakina da biro akwai wata kwana inda iska ke tara yashi jikin katanga. A nan wani tsoho ke zama kullum a inuwar ƙofar gidansa yana tufka igiyar kaba. Zai girmi mahaifina da yana raye. Wata huɗu ina wucewa ta gabansa da ƙafa ina yi masa sallama, yana amsawa kansa na kan igiyarsa. Ban tsammanin ya taɓa ganin fuskata.

Ran nan, wata Alhamis wajen azahar, na taho daga biro na karyo kwanar a hankali. Ban san me ya sa ba, ko jar sukutar ce ta ja idonsa, ko ya gaji da ganin baƙon da ya ƙi tafiya. Sai ya ajiye igiyar, ya ɗago kai, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama yana jinjina mini, da murya mai ƙarfi:

"Mushe! Sannu mushe! Sannu da aiki!"

Allah Sarki. Ban san yadda zan sa mai karatu ya gane abin da na ji ba. Wata biyar, in ka cire abokan aiki, ba wanda ya riga ni gaisuwa a garin nan. Zuciyata ta yi tsalle kamar ta yaro. Maganar bakanike ta faɗo mini, ba wai na manta ba ne. Amma in gyaɗa wa wannan tsoho kai in wuce, kamar wani mai mulki? In ɗaga masa hagu? Ni da mahaifiyata ta taɓa ƙwala mini ludayi a ka don na miƙa wa kawuna ruwa da hagu? Ba a haka aka raine ni ba. Kafin in gama tunani hannuna na dama ya riga ya tashi sama, kuma ba ɗan ɗagawa ba, sosai na ɗaga, har da dunƙulewa irin nasa.

Hannun dama shi ke riƙe da wuta. Ina sakin sa sukutar ta yi sanyi, tayar gaba ta nutse cikin yashin kwanar, kanta ya karkace. Ƙafata ta dama ta taka ƙasan sukutar da ƙarfi tana neman birkin mota, ta tarar da roba. Hannun ya dawo a gigice ya cafki abin da ya samu, abin da ya samu kuwa birkin gaba ne. Shi ke nan. Gudun da nake yi bai wuce sassarfar jaki ba. A mota, da wannan gudun, iyakar abin da zai faru injin ya mutu in sake tayarwa. Ni kuwa sai ga ni a iska. Na kai hannun dama ƙasa don in tare, na ji ƙas kamar an karya kara, sannan goshina ya samu gindin katanga. Hulata ta yi nata wuri.

Tsohon ne ya fara isowa, yana salati yana faɗin abubuwa da Barbarci. Mata suka leƙo daga gidaje. Aka tsai da wani mai amalanken shanu, aka ɗora ni, tsohon ya hau ya riƙe mini kai, aka nufi gidan likita. Ina kwance ina kallon sama, ba zafin hannun nake ji ba tukuna. Fuskar matata nake gani tana ninke riguna.

Wuyan hannu ya karye, goshi ya sha ɗinki. Aka naɗe hannun tun daga yatsu har gwiwa da farin abin nan mai tauri kamar siminti, aka ce sai ya yi mako shida. Ma'aikacin da ya ɗinke ni, shi ma baƙo ne daga yamma, da jin Hausarsa. Ya ce, "Sabon hawa ne ko?" Na ce e. Ya ce ya gane, sababbin hawa da tsofaffin direbobin mota ba sa wuyar ganewa. Sannan ya ɗauki wayata da ke kan tebur ya ce, "Wa za mu kira maka?"

Na ce, "Babu kowa."

Ya dube ni, ya ajiye wayar.

Ban san hannun dama shi ne rabin mutum ba sai a makonnin nan. Ɗaure mazagin wando sai da haƙori. Alwala ta zama aiki. Wanki ya gagara, kaya suka taru a kusurwar ɗaki. Abinci kuwa, in na sayo, sai in rufe ƙofa in ci da cokali a hagu, rabi a baki rabi a riga, don ba zan iya bari wani ya ga dattijo kamata yana ci da hagu ba, ko da lalura ce. Abokan aiki sun zo dubiya a rana ta fari da ta biyu, suka yi addu'a, suka tafi, ba laifinsu, kowa da gidansa. Tsohon nan ne kawai bai daina zuwa ba. Bayan kwana biyu ko uku sai ya yi sallama bayan la'asar, ya zauna bakin tabarma. Hausarsa kaɗan ce, ni kuma Barbarcina bai wuce na gaisuwa ba. Ya nuna hannun ya ce, "Da sauƙi?" In ce da sauƙi. Mu zauna tare har a kira magariba, ya tashi.

Kullum da yamma matata tana kira. Kullum ina cewa lafiya lau. Ta ce muryata ta canza, na ce zafin garin ne. Ta ce ko in je a duba ni, na ce ai jiya ma na wuce ta gidan likita, wanda kuma gaskiya ne, gaskiyar da ta fi ƙarya muni. Ina ajiye wayar sai in ji ina ƙin kaina. Amma da na tuna yadda take daskarewa in ta ji ƙarar babur, sai in ce bari dai hannun ya warke, in je gida da tabo a goshi in ce ƙofa ce.

Sai Babbar Sallah ta matso, saura mako uku a cire abin hannun. Ba yadda zan shiga gidana da shi. Na ce mata aiki ya riƙe mu, an ce kada kowa ya yi nisa. Sai ta ce:

"To wa zai yanka ragon, Malam?"

Tun da muka yi aure ban taɓa barin wani ya yanka mini layya ba. Na ce ta sa babban yaron, ai ya girma. Ta ce to. Ta ce ta riga ta karɓo mini sabuwar riga daga wurin tela, za ta ajiye.

Ranar Sallah na je Idi na rufe hannun da babbar riga. Da aka sallame, mutane suka watse ƙungiya ƙungiya, uba da ƴaƴansa, wa da ƙannensa. Na dawo ni kaɗai ina taka rairayi. Kafin azahar kowace ƙofa an hura wuta, an gicciye raguna a sanduna an kewaye ta da su, ƙamshi ya cika unguwa, yara suna ta kai da kawo cikin sababbin kaya. Na shiga ɗaki na bar ƙofa a buɗe rabi, ina fatan wani ya leƙo, ina kuma jin kunyar fatan. Ba wanda ya leƙo, ranar ta iyali ce. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, da furfurata da komai.

Washegari da hantsi tsohon ya yi sallama, wannan karon tare da matarsa, ɗauke da kwano a rufe. Ƴar tsohuwa ce siririya mai kaifin ido, Hausarta kuma ta fi tasa nesa ba kusa ba. Ta ajiye kwanon naman, ta ƙi zama. Ta dubi tulin kayan dauɗa, ta dubi kwanukan da ban wanke ba, ta dubi rigar da ke jikina mai tabon miya.

"Ɗana, kana da mata kuwa?"

Na ce, "Ina da ita, Iya. Tana Maraɗi."

"Tana raye? Da ƙafafunta?"

Na ce tana raye.

Ta tafa hannu. "To wace irin mace ce wannan? Mijinta ya karye, kwana ashirin da wani abu, ko leƙe? Ko ta aiko ɗa, ko ƙane? Har Sallah ta wuce? Mu nan ko akuyarka ce ta karye maƙwabta sai sun zo jaje. Matan unguwa duk maganar da suke yi ke nan a bakin rijiya. Mun ce wannan bawan Allah bai yi dacen mata ba."

Jini ya hau mini kai. Matata? Matar da ta yi wata biyu tana kwana a ƙasan gadon mahaifiyata a gidan likita, tana juya ta tana wanke ta? Ita ake tauna a bakin rijiya, a garin da ko sunanta ba a sani ba? Na buɗe baki zan mayar wa tsohuwar nan da magana mai zafi, sai na rasa wanda zan zaga. Ba ita ta ƙirƙiro maganar ba. Ni na ba su ita.

Na ce, "Iya, ba ta sani ba. Ban faɗa mata ba."

Ta tsaya tana kallona. Ta juya ta faɗa wa mijinta wani abu da Barbarci, ya sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Ashe mun ɗauki alhakin baiwar Allah. Kai ne mugun, ɗana." Ta ɗebi kayan dauɗar nan duka ta ƙulle a zane, ta ɗora a ka, suka fita.

Ban jira yamma ba. Na kira ta nan take, kafin ƙarfin halin ya gudu. Ina jin hayaniyar gida a bayanta, ana suya, yara suna faɗa kan wani abu. Na ce ta shiga ɗaki. Na faɗa mata duka, tun daga sayen sukutar har faɗuwar, da karayar, da ɗinkin, da ƙaryar aikin da ya riƙe ni. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce:

"Kanka fa? An duba kan?"

Na ce an duba, ba komai.

"Yau kwana nawa?"

Na faɗa mata.

Da ta yi ihu, da ta zage ni, da na samu sauƙi. Da ta sake magana muryarta a kwance take.

"Babur ɗin na yafe maka, Malam. Mutum ne kai, ka gaji da tafiya. Amma kwana ashirin da uku kana kwance da karaya, ni ina nan ina dariya da maƙwabta, ina zuwa biki, ina yi maka faɗa a zuci wai ka fifita aiki a kan Sallah. Kullum na tambaye ka, kullum ka ce lafiya lau. Wancan ma, ƙanena, da aka kira ni, ai gawa na tarar. Kai kuma da ranka ka hana ni zuwa. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba."

Bayan kwana biyu ta iso, ita da ƙafarta mai ciwo, yini guda a bas. Ta yi mako ɗaya. Ta share ɗakin, ta dafa abinci, ta riƙa yanka mini nama ƙanana yadda cokali zai ɗauka. Ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su, ta daɗe a wurin tsohuwar nan, ban san me suka tattauna ba. Sukutar na aika wa bakanike ya sayar, ko tambayar inda take ba ta yi ba. Ba ta ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Na raka ta tasha, ta ce in kula da kaina, ta hau.

Hannun ya warke, sai ɗan tsami in sanyi ya shigo. Ina nan Gure har yanzu, na koma taka rairayi. Tana kira kullum da yamma kamar da, mu yi maganar yara da tsadar hatsi da ƙafarta. Abu ɗaya ne ya canza. In ta ce, "Yaya jikinka?" na ce lafiya lau, sai ta ce:

"Wa ke kusa da kai? Ba shi wayar mu gaisa."

Ba da faɗa take faɗa ba, kuma ban taɓa yi mata musu ba, don ni na jawo. Sai in duba ɗakin, tabarma, buta, akwati. In ce mata ta ɗan jira. In sa takalmi in fita lungu da waya a hannu, ina neman wanda zai shaida wa matata ta shekara ashirin da shida cewa mijinta lafiyarsa lau. Wani lokaci in samu mai shago, wani lokaci sai na taka har ƙofar tsohon. Wata rana kuma lungun ba kowa, sai in tsaya a tsakiyar rairayi, tana jira a can, ina jin numfashinta.